Taliyar Ranar Lahadi

Duk gundumar Maeryong babu wanda bai san Pyo Malsun ce ta haifi shugaban gunduma ba, domin ita da kanta ta tabbatar kowa ya ji. Mai kifi ya ji, direban bas ya ji, likitan da ke duba mata gwiwa kuwa ya ji har ya gaji. A wajenta, ƙuri'un da ɗanta Ham Dusik ya samu ba hikimar mutane ba ce. Amsar addu'ar asuba ce da ta yi shekara da shekaru tana durƙuso a coci, tun yana goye har furfura ta fito masa a gefen kunne.

A coci ana ce mata Kwonsa, muƙamin da ake ba dattijuwar da ta tsufa cikin hidima. Amma abin da ya fi muƙamin daɗi shi ne ranar Lahadi. Dusik zai iso da matarsa Mira da yaransu biyu, ya zauna a bencin gaba kafaɗa da kafaɗa da uwarsa, Fasto Gil ya sanar daga mumbari cewa shugabanmu yana tare da mu yau. Malsun takan sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali ba ta da ko ɗigonta. In an tashi sai gidanta, inda taliya ke jira, wadda ta murza da hannu ta yanka da wuƙa, cikin romon busassun ƙananan kifi. Dusik yakan cire kwat ya naɗe hannun riga ya sha kwano biyu yana gumi. Wannan sa'ar tata ce ita kaɗai, ko gwamna bai isa ya kira shi a waya ba.

Fasto Gil yana son tuna wa jama'a cewa majalisar ƙasar nan ta farko da addu'a aka buɗe ta, don haka ƙasar ta Kristi ce tun daga tushe, ko masu rubuta doka sun yarda ko ba su yarda ba. Babu mai amsa amin da ƙarfi kamar Malsun. Da watan Kirsimeti ya zo aka kafa doguwar bishiya a filin gaban ofishin gunduma, da gicciye a samanta, Dusik ya sa farar safar hannu ya danna abin kunnawa, sai ta ji kamar ita aka naɗa wa sarauta. Ƙasar ta Ubangiji ce, gunduma ta ɗanta ce, ɗan kuma nata ne. Lissafin ya zauna mata daram.

Ba ta sa Ok Bunhi a lissafin ba.

Bunhi ita ce uwar Mira. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai noman barkono, mijinta ya rasu, tana zaune a wani ƙauye da ke tsallaken iyakar gunduma, a gindin dutsen da haikalin Buddha yake. Rabin rayuwarta a ɗakin girkin haikalin ta yi shi. Tana da irin ladabin nan da ke ba mutum haushi, wanda duk ta inda ka biyo ba ka samun abin kamawa. Suna kiran juna Sadon, kamar yadda iyayen ma'aurata ke yi, suna aika wa juna 'ya'yan itace a lokacin biki, iyakarta ke nan. Malsun ta daɗe da yanke mata hukunci: mutuniyar kirki ce, sai dai ta ɓata hanya.

Da bazara ta shigo, bikin haihuwar Buddha ya matso, aka kafa hasumiyar fitilun takarda a daidai inda bishiyar ta tsaya. Haka ake yi duk shekara, kuma Malsun ta sha wuce ta da kwandon cefane ba ta ko ɗaga kai ba. Bana ta ɗaga. Ta ga ɗanta da farar safar nan, ta rantse ita ce dai ta watan Kirsimeti, yana danna abin kunnawa yana murmushi tsakanin malaman haikali masu askakken kai. Ta haɗiye wannan da ƙyar.

Wanda ya ƙi haɗiyuwa jaridar gunduma ce ta kawo shi. Ranar bikin Dusik ya hau dutsen gaisuwa kamar yadda shugabannin da suka gabace shi suka saba, aka ɗauke shi hoto a tsakar gidan haikalin. Ga shi ya ɗan rusuna, ga Bunhi ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa tana maƙala masa furen bado na takarda a ƙirji, fuskarta fal da fara'a. A ƙarƙashin hoton wani ragon ɗan jarida da bai iya tambaya ba ya rubuta: Shugaban gunduma tare da mahaifiyarsa.

Matan coci suka yi ta kawo mata jaridar, kowace da fuskar jaje da idon son ganin yadda za ta yi. Ta yi dariyar yaƙe ta ce kuskure ne. A gida kuwa ta shimfiɗa shafin a tebur ta zauna tana kallon hannun Bunhi a ƙirjin ɗanta. Kishi ne tsagwaronsa, ta kuma san kishi ne, amma ta sa masa suna kishin gidan Ubangiji, don wannan ya fi daɗin faɗa. Mako na gaba jaridar ta buga gyara, layi ɗaya a ƙasan tallar taki. Wa ke karanta tallar taki?

Ranar Lahadi ta bari sai da ya kai rabin kwano sannan ta tambaye shi ko shinkafar haikali ta fi taliyarta daɗi. Ta ce Kirista da ya sha baftisma ba ya kunna wa gunki fitila. Mira ta tashi sum-sum ta ja yara waje.

"Omoni, ban yi sujada ba, gaisuwa na je," in ji Dusik, yana kiranta da kalmarsu ta uwa, bai ko ajiye tsinken cin abinci ba. "Su ma sun zaɓe ni. Tsarin mulki ya ce ƙasa ba ta da addinin kanta, addini daban mulki daban. Ni na kowa ne."

"Na kowa? Lokacin da kake zazzaɓi kana suma, kowa ne ya goya ka zuwa asibiti cikin ƙanƙara?"

Ya yi dariya ya miƙo kwano a ƙara masa. Dariyar ta fi maganar yi mata ciwo. Ta je wajen Fasto Gil, shi kuma ya yi ta murza hannu yana cewa a yi haƙuri a sa abin cikin addu'a. Ashe zafinsa na kan mumbari ne kawai. Ta fito tana tsaki, amma maganar ɗanta ta biyo ta har gida: addini daban, mulki daban. Wannan jimla da fasto ya sha yi wa ba'a, yanzu ta juya ta sai ta ga tana da kaifi. In dai doka ta faɗi haka, me hasumiyar Buddha take yi a filin hukuma? Me ɗanta yake yi a kan dutsen nan cikin motar ofis?

Da damina shugaban gunduma yakan zauna da jama'a a babban zaure ya saurari kokensu. Wani ya yi maganar magudanar ruwa, wata ta kawo ƙarar aladun daji da ke tone mata dankali. Sai Malsun ta miƙe cikin kayanta na zuwa coci ta karɓi abin magana. Kowa ya juyo yana kallonta. Dusik ya dube ta, ta kau da kai.

"Ba a matsayin uwa na tashi ba, 'yar ƙasa ce ni," ta ce, muryarta ko rawa babu. "Tsarin mulki ya ce addini daban, mulki daban. Filin gaban ofis na hukuma ne, ba na wani addini ba. Shugaba kuma ba shi da hurumin zuwa wurin ibada da motar da talakawa suka saya. Ina roƙo a bi doka."

Tafi ya ɓarke, sai dai ba daga inda ta zata ba. Matasan malaman makaranta ne, da mai kantin maganin nan da bai yarda da komai ba sai awon jini. Matan cocinsu da suka rako ta suka yi zuru, ɗaya har da dafe ƙirji. Malsun ta zauna tana jin daɗin kanta. A ranta hasumiya take gani tana faɗuwa, bishiya ko sau ɗaya ba ta faɗo mata ba, don a wajenta bishiyar Kirsimeti ba addini ba ce, gaskiya ce kawai.

Labarin ya wuce jaridar gunduma ya kai talabijin: uwar shugaba ta tsawata wa ɗanta a bainar jama'a. Babban malamin haikali ya amsa cikin lumana cewa dattijuwa ta yi gaskiya, za su riƙa kafa hasumiyarsu a kan dutse, fatansu dai filin ya zauna haka fayau har watan Kirsimeti. Majalisar gunduma ta zauna ta mai da shi ƙa'ida. Daga nan 'yan jarida suka waiwayo coci. Suka ɗauki hoton baƙar motar ofis a bakin ƙofa, da bencin gaba, da 'yan kwangilar da ruhu ya sauko musu daidai makon da aka rantsar da Dusik, waɗanda ke layin gaisawa da shi bayan sujada. Fasto Gil ya koma gaishe ta da kai kawai. A ɗakin girkin coci ta ji wata tana raɗa cewa Kwonsa ta sare mana bishiya da hannunta.

Duk wannan za ta iya jurewa. Ta tsufa da jure bakin mata.

Wata ranar Laraba da la'asar Dusik ya zo shi kaɗai, riƙe da kwalin 'ya'yan itace kamar baƙo. Ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya ce ya yi ta juya maganarta ya ga ita ce da gaskiya. Ba zai sake hawa dutse da sunan ofis ba. Ta ji wani sanyi ya ratsa ta, har ta fara miƙewa ta ɗora ruwa. Sai ya ci gaba. Ya ce muddin yana kan kujerar nan ba zai sake yin sujada a cikin gundumarsa ba, don duk cocin da ya shiga a nan shugaba ne ya shiga, ba mai zunubi ba. Mira ta san wani ƙaramin coci a tsallaken iyaka, tsofaffi ne kawai ke zuwa, babu mai neman komai a wajensa. Can za su riƙa zuwa a motarsu ta gida.

"Tsallaken iyaka ta ina?"

Ya faɗi sunan ƙauyen. Ƙauyen Bunhi ne.

"Baban Jiho, abincin rana fa?" ta ce, tana kiransa da sunan babban yaronsa.

"Akwai nisa, Omoni. Kafin a tashi yara sun ji yunwa, gidan kakarsu kuma yana nan kusa." Ya dubi ƙasa. "Ki biyo mu mana. Akwai wuri a mota."

Ta bar cocin da take sharewa tun ba a yi masa rufin kirki ba, ta je ta zauna a teburin matar nan ana zuba mata abinci kamar marainiya? Ta ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ta so ta ce ba haka take nufi ba, dokar don su ta kawo ta, ba don ita ba, amma ko a cikin ranta da ta jera kalmomin ta ji ba su faɗuwa. Rana ɗaya tak a shekara Bunhi take samunsa, ita kuwa duk Lahadin duniya nata ne. Ranar nan guda ta tsone mata ido.

Yana leƙo ta jefi-jefi a tsakiyar mako, ya sha shayi yana duba agogo. A coci ta bar bencin gaba ta koma na uku, ta ce hasken taga ne ke damun idonta. Ta daina bi ta gaban ofishin gunduma, don filin ya zama fili kawai, sai tattabaru. Amma hannu ba ya jin magana. Duk safiyar Lahadi sai ta tsinci kanta tana kwaɓa gari na mutum biyar, ta dawo ta dafa na mutum ɗaya ta raba sauran ga maƙwabta, har suka fara ɓuya in sun hango ta da kwano.

Wata Asabar da hantsi, sanyi ya fara shigowa, wayarta ta yi ƙara. Bunhi ce. Ta yi doguwar gaisuwa, ta tambayi gwiwa, ta nemi gafarar damuwa. Sannan ta ce ta yi wa surukinta taliya har sau nawa, yana ci yana godiya, amma kwano ɗaya yake tsayawa, Mira kuwa ta ce a gidan uwarsa kwano biyu yake sha. Ko Sadon za ta taimaka ta gaya mata yadda take haɗa romon?

Malsun ta gyara riƙon wayar. Daɗi ya fara zuwa, mai zafi, ashe dai akwai abin da matar nan ba ta iya ba. Ta yi niyyar ɓoye abu ɗaya, ta bar ta ta yi ta fama har ƙarshen wa'adinsa. Sai ta hango ɗanta zaune a teburin wata, ya naɗe hannun riga, yana tashi bai ƙoshi ba. Ta ja numfashi ta faɗa mata komai: a cire kan kifin da cikinsa, a ɗan gasa su a busasshiyar tukunya kafin a zuba ruwa, a tsame ganyen teku da zarar ya tafasa, a bar kwaɓin ya kwana. Bunhi tana ta amsawa da to, to.

A ƙarshe Malsun ta tuna abu guda da ya rage nata, wanda likita ya faɗa musu ita da Dusik tun kafin zaɓe, aka ɓoye wa 'yan jarida.

"Kada ki cika gishiri," ta ce. "Jininsa yana hawa."

"Na sani, Sadon," in ji Bunhi a hankali. "Ya gaya mini."