Wuƙar Malami Mahauci

Shekarar da za a karɓi mulkin kai, Jinaidu ɗan Malami mahauci ya rame ba tare da ciwo ba. Gwamnati ta yarda za ta kai shi jami'ar Badun, saura ya faɗi abin da zai karanta. To, nan fa ake yin ta. Shi ransa na kan Turanci. Ya ji ana neman malaman Turanci a Sudan, kuma tun yana makarantar midil yake burin tsayawa gaban allo a ƙasar da ba wanda zai ce da shi ɗan mahauci. In kuwa ya ɗauki ilimin dabbobi, Sakkwato za a maido shi, kusa da tsohon da ba shi da ɗa namiji sai shi.

Kai, mutane da shisshigi! Wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba sai ya tare shi a bakin kasuwa ya ba shi shawara. Hedimastan makarantar da yake koyarwa ya ce Turanci. Kawunsa na Dundaye ya tako takanas ya ce dabbobi. Mahaifiyarsa Inno kuwa sai dai ta aje masa tuwo ta yi ajiyar zuciya. Wallahi ya gaji, har kalmar digiri ta fita ransa. Bakin mutum ɗaya yake jira, shi kuwa Malami ya yi gum.

Haka aka kai Babbar Salla. A gidan, Malami ke yanka ragon layya da wuƙar da ya gada wurin ubansa, kuma duk unguwa ta san wanda ya miƙa wa wuƙar nan shi ne magajin rumfarsa ta kasuwa. Aka kayar da rago, Jinaidu ya durƙusa ya danne ƙafafu. Malami ya sunkuya ya yi bisimilla, sai hannu ya hau rawa. Ya dakata, ya sake gwadawa. Ina! Wuƙa sai kaɗawa take kamar ganyen dawa.

Tausayi ya kama Jinaidu. Nan take ya haƙura da Sudan, ya miƙa hannu ɗaya.

"Baba, kawo in yanka."

Malami ya dubi tafin nan mai laushi, ya daɗe yana dubansa.

"Kai dai riƙe mai ƙahwahu," in ji shi. Sai ya waiwaya. "Siddiƙu, taho."

Siddiƙu, mijin Ashatu ƙanwar Jinaidu, wanda ya daɗe yana fiɗa a rumfar, ya matso ya karɓi wuƙa hannu biyu. Ja ɗaya ya yi, aiki ya ƙare.

Malami ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa.

"Tahi ka karanta Turancinka," ya ce. "Na san inda ranka yake."

"Baba, ai na hwasa."

"Ni ban hwasa ba. Ban son ɗan da za ya zamna min rumhwa yana kallon hanya."

Ya shige zaure. Siddiƙu ya ɗebo ruwa yana wanke wuƙa, mata na ta yi masa barka daga tsakar gida. Jinaidu ya samu abin da yake so, amma ko ɗigon daɗi bai ji ba. Ragon ya daɗe da daina motsi, shi kuwa yana nan durƙushe riƙe da ƙafafunsa, ba wanda ya tuna ya ce masa ya saki.