Tekun Baba Awwalu

"A sauke shi," in ji Hajo. "Mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto."

Da safen nan ta iso Paraku daga Jugu, ta tarar da yayanta Awwalu kwance, numfashi sama-sama. Mairamu, maƙwabciyar da ke kawo masa koko tun da ciwo ya kayar da shi, ta dubi allon hoton da ke rataye gefen tabarmarsa.

"Inna Hajo, babu mai rai a ciki. Wai teku ne da duwatsu."

"Ke kin ga teku? Ni kamar kan mutum nake gani."

Gaskiya Mairamu ma ba ta taɓa ganin teku a allon ba. Dabbare-dabbaren fenti ne kawai, shuɗi kan toka, sai ka ce tsumman mai fenti. Tun yana aikin jirgin ƙasa ya sayo allon a Kwatano, unguwar Gar ta bakin tashar jirgi kaf ta yi masa dariya. Shi kuwa ko a jikinsa. "Sai an ja baya," yakan ce. To ina wurin ja baya a ɗakin da tabarma ɗaya ta cika?

Awwalu ya ɗaga hannu. "Hajo, bar mini..."

Muryar ba ta kai ba. Hajo ta cire allon, ta kai shi can ƙarshen tsakar gida ta jingina da randa, ta dawo ta fara karanta Yasin. Idon tsoho ya kafe a kan ƙusar da aka cire allon. Tausayinsa ya kama Mairamu, amma maƙwabciya ba ta ja da 'yar'uwa.

Ta ɗauki kwanon koko za ta fita, ta ɗaga labule, sai ta tsaya cak. Ga tekun can a jikin allon: ruwa na dukan baƙaƙen duwatsu, kumfa na tashi, rana ta zuba a kai.

"Zafi ya yi yawa," ta ce, ta ƙulle labulen sama. Ta koma ta juya Awwalu kan gefensa na dama. Dama can ƙofar gabas take kallo, wajen alƙibla, don haka Hajo ba ta hana ba.

Ya daɗe yana dubawa. "Mairamu, kin gani?"

"Na gani, Baba."

Ya yi kalmar shahada, kafin azahar ya cika.

Da maza suka zo wanka, Hajo ta fito da buta za ta ɗebo ruwa a randa. Ta tsaya a bakin ƙofa, butar na hannunta, idonta a kan allon.