Hoton Mai Goyo

Karo na uku ke nan Tsaya-Cik yana maimaita sunan dutsen, ma'aikacin gandun daji kuwa yana bin taswira da yatsa yana girgiza kai. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, abokan aikinsa Dogo suke ce masa. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana raka baƙi cikin dajin nan, ya san Raƙumi, ya san Tagwaye, ya san Kujerar Alƙali, amma dutse mai suna Mai Goyo bai taɓa ji ba.

"Baba, ko dai wani gandun aka ce maka?"

"Ɗana, a nan aka yanke mini cibiya. Kafin a kafa ƙofar nan taku, gidan ubana yana ciki."

Tsaya-Cik mai hoto ne, shekara arba'in yana shago a bakin tasha. Sunan ya same shi ne daga maganar da yake yi wa duk wanda ya zauna kan kujerarsa. Ya ɗauki amare, ya ɗauki masu neman fasfo, ya ɗauki jarirai suna tsala ihu, amma dutse bai taɓa ɗauka ba, kuma da son ransa ne da ba zai fara da tsufansa ba. Yayansa ne ya turo shi. Yana kwance a asibitin ido, gobe da hantsi za a yi masa aiki, likita kuwa bai ɓoye musu komai ba: ɗan ganin da ya rage yana iya tafiya a kan teburin aikin. Da aka tambayi Yaya abin da yake so, bai ce a kira 'ya'ya ba, bai ce a kawo jikoki ba. Ya ce a nuna masa Mai Goyo, dutsen da ke tsaye a kan ƙauyensu kafin gwamnati ta tashe su. Shi Tsaya-Cik a lokacin ko yaye shi ba a yi ba, don haka bai san kamanninta ba.

Dogo ya ce to a zagaya, wataƙila ido ya gane abin da taswira ta kasa. Suka shiga wata tsohuwar mota mai tari kamar akuya. Duk inda suka tsaya Tsaya-Cik ya sauko, ya kafa ƙafafun kyamara, ya ɗauka, ya yi tsaki. Duwatsu dai ga su nan, ja da ruwan ƙasa, wasu an ɗora su kan wasu kamar da hannu, kwazazzabai kuwa in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. Sai dai rana ta take tsaka, ba inuwa ko ta kwabo, kowane dutse ya fito fayau kamar fuskar da aka cika wa hoda. A shago da ya ja fitila gefe, ya ce wa mutum ya ɗan ɗaga haɓa. A nan wa zai ce wa?

Bayan azahar suka hau dakalin siminti da aka gina wa baƙi a kan tudu, daura da Raƙumi. Wasu masu yawon buɗe ido sun cika wurin, kowa ya juya wa dutsen baya yana ɗaukar haƙoransa da waya. Mutum ya yi tafiyar yini guda don ya ga fuskar da ya baro a madubin gidansa. Tsaya-Cik ya jira har suka watse, ya ɗauki Raƙumin da tozonsa, sannan Dogo ya ce nan ne kaɗai waya ke shiga a duk gandun.

Ya buga waya, matar Yaya ta ɗauka ta miƙa wa mijinta. Tsaya-Cik ya ce ya zagaye dajin kaf, babu Mai Goyo, ko ta rushe ko kuwa tsufa ne ya haɗa wa Yaya mafarki da gaskiya. Yaya ya ce tsufan da ya kama shi ai bai bar ƙaninsa ba.

"Auta, daga ina kake kallo?"

"Daga sama, inda suka yi dakali."

"Sama? Me za mu je yi a sama, mu awaki ne? Ka sauka rafi, wurin ɗiban ruwa, ka ɗaga kai."

Waya ta yanke. Dogo ya sosa ƙeya. Ya ce akwai tsohuwar hanya da ke sauka cikin kwazazzabon, har da wasu ramuka a kan fa da aka ce na niƙa ne, amma ba a kai baƙi can, kuma ƙarfe shida ake rufe ƙofa, ko uban wa ke ciki. Tsaya-Cik bai roƙe shi ba. Ya saɓa ƙafafun kyamara a kafaɗa ya nufi bakin hanyar. Dogo ya bi shi yana gunaguni, can ya karɓe kayan.

Saukar ta ci su fiye da awa guda. Gwiwoyi suka yi ta ƙara, ƙaya ta yage masa hannun riga, sau biyu yana zamewa a kan tsakuwa. Da suka isa gindin, ga rafi ya ƙafe sai yashi, ga ramukan niƙa cike da busasshen ganye. Ya ɗaga kai.

Raƙumin nan dai ne. Amma daga ƙasa wuyansa ya zama mace ta ɗan sunkuya, tozon kuwa ɗa ne a bayanta, har da kansa ya langaɓe gefe. Dogo ya daɗe baki buɗe, ya ce shekara goma sha ɗaya yana nuna wa mutane raƙumi.

Tsaya-Cik bai saurare shi ba, ya riga ya ga masifar. Rana ta faɗa bayan dutsen daidai. A cikin kyamara babu ja, babu tsaga, babu komai, sai baƙin abu a kan farin sama. Abu na farko da maigidansa a sana'ar hoto ya koya masa, da rankwashi, shi ne kada a sa rana a bayan wanda ake ɗauka. Ya matsa dama, goyon ya ɓace. Ya matsa hagu, ya koma raƙumi. Ya kunna fitilar kyamara, ta haska yashin gabansa kawai. Bai san lokacin da ya ɗaga hannu ya ce wa dutsen ya ɗan juyo ba. Dogo ya kau da kai yana tari.

Wannan hoto na safe ne, ya sani. Ya ce a bar shi ya kwana a nan. Dogo ya ce ko ya yarda doka ba ta yarda ba, kuma in ya jira hasken safe, yaushe zai kai asibiti kafin hantsi? Tsaya-Cik ya danna sau ɗaya, kamar mai marin wani, ya naɗe kayansa. Suka fita ƙofa ana dab da rufewa.

Washegari da sassafe ya wanke hotuna ashirin da ɗaya a shago. Baƙin ya sa shi can ƙasa, don kunya.

Yaya yana zaune bakin gado cikin rigar asibiti. Ya riƙa ɗaukar hotunan ɗai-ɗai, yana kai su har kan hanci, yana ajiyewa. Tagwaye, Kujerar Alƙali, kwazazzabai masu launi kamar a lasa. Ya ce shi duk jan hazo yake gani, ko Auta ya ɗauko masa bangon ɗaki ne? Matarsa ta ce ya dai gode wa mutum. Ma'aikaciyar jinya ta turo keken marasa lafiya ta tsaya a ƙofa.

Sai ya kai ga na ƙarshe. Bai ma kai shi hanci ba.

"Ga ta nan," in ji shi. "Haka Inna ta sunkuya ranar da muka tashi. Ga ka nan a baya, da ƙaton kanka."

Tsaya-Cik ya buɗe baki zai ce hoton ya lalace, ya rufe. Ma'aikaciyar ta ce lokaci ya yi. Ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ta dube shi, ta jingina da ƙofa. Hannun Yaya na rawa, takardar na rawa tare da shi. Tsaya-Cik ya matso ya kama ɗaya gefen, ya karkata ta wajen taga.

"Tsaya cik, Yaya," ya ce a hankali.