Kujerar da Zelig Ya Ajiye wa Fishel

"Sake karanta min," in ji Reb Zelig.

Na sake. Saƙo ne da Fishel, shugaban kwamitin majami'armu ta Yahudawa, ya tura wa kowa da kowa ta waya: "Sabuwar shekara ta matso. Duk wanda na ɓata wa rai, ya yafe mini."

"Duk wanda!" Tsohon ya yunƙura, tari ya mayar da shi kan filo. "Ni ne duk wanda? Ba ni da suna?"

Katanga ɗaya ce tsakanina da Zelig a unguwar Caulfield. Tun ban yi gemu ba shi ke busa mana ƙahon rago a majami'a kowace safiya a watan Elul, watan ƙarshe na shekararmu, don mu farga mu tuba kafin shekara ta juya. Bara numfashinsa ya gaza, ƙahon ya ɗan yi gurnani ya yi shiru. Fishel bai ko jira an watse ba. A gaban jama'a ya zare ƙahon daga hannunsa ya miƙa wa nasa surukin, har da cewa, "Ragon ma ya gaji da kai." Aka yi dariya. Zelig bai sake taka wurin ba.

Fishel ya san ƙa'ida sarai: laifin da ka yi wa mutum, Allah ba ya yafe shi sai ka je da ƙafarka ka roƙi mai shi. Shi ya sa Zelig ya sa 'yarsa Bluma ta ajiye kujera kusa da gadon, da kek ɗin zuma a faranti.

"Ba na so in tafi da abin nan a raina, Anshel," ya ce min. "Yafiyar tana nan, na tanada. Zuwa kawai zai yi ya karɓa."

Na tare Fishel a ƙofar shagon burodi.

"Mutumin nan tafiya zai yi. Ga gidanka ga gidansa."

"Haba, ai na tura saƙo! Hidimar idin sabuwar shekara ta sha min kai. Akwai lokaci har Ranar Kaffara, bayan idi."

"Da mala'ikan mutuwa kuka yi shawara?"

Ya duba agogonsa. Ba don furfurata ba, da na mare shi a wurin.

Duk motar da ta tsaya a layinmu, Zelig sai ya juya kai wajen ƙofa. Haka ya yi ta yi har ya cika da hantsi, ana gab da idi.

Bayan an binne shi sai ga Fishel a ƙofata, ido jajir. A ƙa'idarmu, wanda ya makara, sai ya kai maza goma bakin kabari ya roƙi gafara a gabansu.

"Ɗaya ya rage, Anshel. Kai za ka cika."

Yanzu kam ya sami lokaci, har zuwa maƙabartar Springvale! Raina na tafasa na shiga motarsa.

A bakin kabarin Fishel ya cire takalmi ya tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa. "Na yi wa Allahn Isra'ila laifi, na yi wa Zelig laifi." Sai yanzu sunan ya fito.

Sauran suka amsa, "An yafe maka." Suka juyo suna kallona. Na faɗa, haƙora a cije, don yafiyar ajiyar Zelig ce, ba tawa ba.

Da na dawo na leƙa gidan. Bluma ta yaye zanen gado, amma kujerar tana inda take. Kek ɗin ya bushe a faranti, kiyashi na ta ɗiba.