Wa Zai Yi Mini Kitso a Can?

Ni dai ba na iya magana in ana kallon fuskata. A aji kujerar jikin bango ce tawa, 'yan ajinmu ma Kurma suke ce mini. Wuri ɗaya bakina ke buɗewa: ranar Asabar, in na zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun Yaya tana yi mini kitso. Ita tana kallon ƙeyata, ni ina kallon ƙafar kujera, sai in yi ta zuba kamar an kunna rediyo.

Yanzu jarrabawar ƙarshe ta rage, daga ita sai jami'a, gari mai nisa. Kowa a aji zancen sabon akwati yake. Ni kuwa abin da nake hangowa ɗaki ne mai gado sama da ƙasa, cike da idanun da ban sani ba.

Ran nan na turo ƙofa, na jingina madubi a taga, na ce bari in koyi yi wa kaina kitso. Hannuna ya sage, tsagar ta karkace. Ban ji shigowar Yaya ba.

"Wannan kuma fa? Kaza ce ta yi tono a kanki?"

"Koyo nake."

"Na me?"

A gabana ta tsaya, sai na kasa magana. Ta zagaya bayana ta fara warwarewa.

"Yaya, a can wa zai yi mini? Ni ba zan iya zuwa wurin wata in ce don Allah ba."

"Kitson ne kawai damuwarki?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ƙwanƙwashe ni da mataji. "Tashi, sarkin tsoro." Ta zauna a ƙasa, ta cire ɗankwali. "Bar naki kan, na wasu za ki koya. Mai kitso ba ta roƙon kowa. Da ƙafarsu za su zo su juya miki ƙeya."

Na hau bakin gado. Ban taɓa ganin kanta daga sama ba, ashe akwai ɗan tabo a bayan kunnenta. Na tsaga, na kama, ya zame, na sake kamawa.

"Wash! Sassauta mana, auta."

Can kuma, tana kallon ƙafar kujera, ta ce, "In kin tafi, Asabar za ta yi mini tsawo."

Na ci gaba da kitson, na ƙi yin sauri.