Baƙin Biro a Hannun Shugaba

A bakin ofishin Shugaban sashe akwai wani ɗan ɗaki mai tebur biyu, da fanka mai ƙara, da kabad ɗin fayil wanda ba ya rufuwa sai an doke shi da gwiwa. Shekara goma sha tara Baba Akawu ya yi a ɗakin nan shi kaɗai, ɗaya teburin kuwa tulin takardu ne a kansa. Shugabanni shida ya yi wa aiki. Shi ke buga wasiƙa, shi ke cike fom, shi ke bin fayil ƙafa da ƙafa har ofishin kuɗi na jami'a. Idan Shugaba yana nemansa sai ya danna ƙararrawar teburinsa sau ɗaya, ƙirr, Baba Akawu ya miƙe yana gyara wuyan riga.

Ana nan sai jami'a ta ce wai kowane sashe a ba shi ma'ajinsa. Aka kwashe takardun ɗaya teburin, aka girke kwamfuta sabuwa fil, aka kawo wata yarinya mai tabarau wadda ba ta fi sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Shugaba ya leƙo ya ce, "Baba, ƙararrawa ɗaya taka ce. Biyu ta Ma'aji."

To, daga nan fa ciwon ya soma. Ai duk ƙararrawa biyu da ɗaya take farawa. Da ya ji ƙirr sai ya yunƙura, kafin ya gama miƙewa ta biyu ta biyo baya, ƙirr, sai ya wayance da neman wani abu a dirowa. Yarinya ta kwashi littafinta ta shige, ta rufo ƙofa. Wani lokaci har dariyar Shugaba yakan jiyo. Dariya! Mutumin da shi a shekara uku bai taɓa ganin haƙoransa ba.

Wata rana ya koma gida ya cika ya batse. Matarsa ta ajiye masa abinci, ta zauna ta zuba masa ido.

"Yarinyar nan ce kuma? Rashin kunya ta yi maka?"

"A'a."

"Ba ta gaishe ka?"

"Ita ke fara gaishe ni. Baba kaza, Baba kaza, har ta ishe ni."

"To me ta yi maka, Baban yara?"

Ya ture kwano. "Aikin da nake kwana uku a kansa, kafin shayinta ya huce ta gama. Wannan tarbiyya ce?"

Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kishi ne ke cin ka, ba komai ba. Da furfurarka!"

Gaskiya ta faɗa. Kishi ne zalla, kuma shi ma ya sani. Ba kujerarta yake so ba, ba albashinta ba. So yake a danna ƙararrawar nan sau ɗaya a tsaya, a ce Baba zo, abin nan ya gagare mu.

Ranar wata Alhamis aka zo kan fom na malaman wucin gadi, su goma sha ɗaya, masu koyarwa ana biyan su da awa. Ƙa'ida ita ce fayil ɗinsu ya isa ofishin kuɗi kafin sha biyun rana, in ya wuce sai wata mai zuwa. Shugaba kuma a ranar zai tafi taro na kwana goma, mota na jiran sa a ƙasa. Ya fito da jaka a hannu, Ma'aji ta tare shi da fom ɗin, ta shimfiɗa su a gefen teburin Baba Akawu. Shugaba ya shafa aljihu, babu abin rubutu. Nan take ta miƙa masa nata, baƙin biro.

A ofishin kuɗi akwai wani tsoho mai duba sa hannu, wanda ba ya karɓar baƙar tawada ko da wa ya yi ta. Cewa yake ba a bambance ta da fotokwafi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, sai wanda ya sha wuyar tsohon ne ya sani. Shi ya sa Baba Akawu ba ya rabo da shuɗin biro, kuma shugabanni shida babu wanda bai taɓa fizge wa baƙin biro daga hannu ba. A ranar ma shuɗin yana nan a aljihun ƙirjinsa. Hannunsa har ya taso, sai zuciya ta ce masa, ba ta iya aiki ba? Bar ta ta iya. Yarinyar ta ɗago ta dube shi, shi kuwa ya sunkuya yana ta gyaran jeren wasiƙun da babu abin da ya same su. Yana jin ƙarar biron a kan takarda har sau goma sha ɗaya.

Ranar Litinin fayil ya dawo da jan rubutu a bayansa: a sake sa hannu. Wa zai sake? Shugaba yana can wata ƙasa. Ma'aji ta yi tsuru-tsuru. Sau uku tana zuwa ofishin kuɗi tana roƙo, tsoho ya ce ko shi ya haife ta ba zai karɓa ba.

Kada in ɓoye muku, ranar farko Baba Akawu daɗi ya ji. Ya ci abincinsa tas har da neman ƙari. Amma washegari malaman suka fara zuwa. Masu faɗa suka yi faɗansu suka tafi, wannan bai dame shi ba. Wadda ta tsaya masa a rai wata malama ce mai tsohon ciki, ta hau bene hawa uku tana haki, ta zauna a kujerar baƙi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ce, "Wata guda kuma? To, Allah ya kai mu." Ta daɗe a zaune kafin ta iya tashi. Ma'aji ta raka ta har ƙasa tana cewa laifina ne, laifina ne, ki yi haƙuri. Ta dawo idonta ja wur, ta zauna ta ci gaba da aiki.

Da kwana goma suka cika Shugaba ya dawo. Ko awa bai yi da shiga ofis ba aka ji ƙirr. Baba Akawu ya ƙi motsi, yana jiran ta biyu. Shiru. Kai, wani sanyin daɗi ya ratsa shi har ƙafa! Ya miƙe a hankali don yarinyar ta gani da kyau, ya shiga.

Shugaba yana sa hannu a sababbin fom, bai ɗago ba. "Rufe ƙofar, Baba. Zauna."

Ya zauna a bakin kujera.

"Ma'aji ta rubuto mini cewa kuskurenta ne. Na yarda ba ta san tsohon can ba. Ni ma laifina ne, sauri ya sa na manta. Amma a kan teburinka na sa hannun nan." Sai a lokacin ya ɗago. "Ranar da na fara aiki a kujerar nan ka fizge mini baƙin biro a gaban baƙi, har na ji haushinka. Ran nan me ya riƙe maka hannu?"

Baba Akawu ya nemi ƙaryar da zai yi, bai samu ko ɗaya mai tsayuwa da ƙafarta ba.

"Ban gaya mata ba," in ji Shugaba. "Wannan tsakaninku ne. Ka iya tafiya."

Baba Akawu ya fito. Ma'aji ta taso da sauri ta tare shi.

"Baba, faɗa ya yi maka saboda ni? Don Allah ka yi haƙuri, ni na ja maka."

Da ma zagin sa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya dafa tebur, ya dube ta.

"'Yata, na ga biron nan ran nan. Ina kallo."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Babu fushi a fuskarta, mamaki ne kawai.

"Ai na san ka gani, Baba," ta ce. "Shi ya sa na dube ka. Da na ga ka yi shiru, sai hankalina ya kwanta."