Likita Kunkuru da Jirgin Makka

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma na san abin da ya jawo shi. Kujerar Makka ta fito mini, amma ni ko ƙarar jirgin sama na ji sai tsoro ya kama ni. 'Yata Kubura ta ce akwai likitan da ke rage tsoro da magana kawai: ya sa mutum ya lumshe ido, jiki ya saki kamar mai gyangyaɗi, sannan ya yi ta lallashin zuciya. Na ce ba yaron da zai ba ni umarni in rufe ido, balle ya kwashe mini hankali.

To, a mafarkin sai ga ni a wani asibiti. Kujeru ne ke bin layi, mutane na zaune a ƙasa. Wata zabuwa mai farar hula ta auna zafin inuwata, ta ce da sauƙi, ta tura ni ciki.

Likitan kunkuru ne, da tabarau.

Ya ce, "Tanimu, zauna ka rufe ido."

Na ce, "Tsaya tukuna. Ni da kai, wa ya girmi wani?"

"Ina wurin ranar da aka yi wa kakanka kaciya. Ya sha kuka."

Na tuɓe takalmi, na gaishe shi, na rufe ido. Babba ya yi magana, ba musu.

Ya shiga magana sannu a hankali, irin tafiyarsa. Ya ce in ja numfashi, in saki kafaɗa. Kafaɗuna suka sauka, suka zauna gefe suna hutawa. Ban yi barci ba, har tarin zabuwa ina ji.

"Yanzu yi mini cara irin ta zakara."

"Haba Baba, da girmanka? Wallahi ba zan yi ba."

"Madalla. Ka ga hankalinka na hannunka. Ni ba sata nake ba, rakiya nake. A ina ranka ya fi kwanciya?"

"Gindin tsamiyar gonata."

Sai ga mu a gonar. An ɗaure jirgin sama a turke yana cin harawa. Ya dube ni, na dube shi. Gwiwoyina suka ce su dai gida za su, suka kama hanya.

Kunkuru ya ce, "Kira su. Ban da tsawa."

Ni da ban saba lallashi ba. Na dai lallashe su, suka dawo suna gunaguni.

Muka shiga jirgin har da tsamiyar, aka ba ta kujera kusa da taga. Jirgi ya yi gurnani, ya tashi. Tsoro ya soma halinsa. Na jingina da tsamiya, na ja numfashi yadda aka koya mini, sai ya lafa.

Kunkuru ya ce, "Tsoron ya tafi?"

"Yana nan, amma ya koma kujerar baya."

"Haka ake farawa. Zama ɗaya ba ya gamawa, sai ka dawo."

Na buɗe baki zan tambaye shi ko mun kusa Jidda, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni. Gari ya waye tuni.

Na ƙwala wa Kubura kira. Na ce, "Likitan nan naki, yau yana zama?"

Ta ce, "Baba, ba kai ka ce ko a mafarki ba za ka je ba?"

Na ce, "Goge mini babbar rigata, ki rage surutu."